Dashen Mangwaro a Rani

Laraba da dare, tsakiyar rani, Zuru.

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau 'yan ƙungiyar nan na Abuja suka shanya mu a rana, wai korona ta koya wa duniya hankali, yanzu za a gina sabuwa mai adalci, kowa ya dasa itace. Dashe a rani! Ko wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ya san sai ruwa ya sauka.

Su ne fa suka raba mana bokitin wanke hannu lokacin cutar, alhali famfon unguwa ya mutu. Har yau a mace yake. Nawa bokitin dawa nake zubawa a ciki.

Maƙwabciyata Mama Rifkatu ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, ina ruwan da za mu ba shi? Mu kanmu sai mun je rafi." Shugabansu ya yi murmushi ya ce, "Mama, za mu duba."

Sai ya tsuguna, ya buɗe ruwan gorarsa, ya tsiyaya wa mangwaron har aka gama ɗaukar hoto. Sauran kuwa ya rufe, ya shiga mota da abinsa.