Ɗakin da Na Busar Miki

Verlie, hasken idona, zumar da ke kan burodin masarata, inuwar barandata da rana tsaka, ke da tunaninki ke sa na manta guduma a kan rufin mutane!

Gaisuwa da ɗimbin bege daga Hobart mai gyaran rufin kwano, wanda yau leɓɓansa suka tsattsage saboda ke.

Jiya Gwaggo Zelphia ta tare ni a bakin coci ta ce, "Kai sakarai, kana nan baki buɗe, yarinyar nan har ta fara ɗaure kaya! Arizona za ta koma wurin yayarta, wai laimar West Virginia ta hana dalsimarta, akwatin kiɗan nan nata mai tsirkiyoyi, zaman lafiya." Haba Verlie! Hamada? Ki bar duwatsun nan, ki bar ni, don kawai katako yana kumbura?

Kin tuna ranar da na fara jin kiɗanki? Walimar 'yan kwana-kwana ce, ni kuwa wake ne ya kai ni. Ina cikin loma sai na ji yayyafi yana sauka a kan kwano, siriri, mai sanyaya rai, alhali a waje rana ake ƙwallawa. Na ajiye cokali, na hau kujera ina laluben inda rufin ke yoyo. Jama'a suka fashe da dariya. Da na waiga sai ga ki a kusurwa, akwatin katako a gabanki shimfiɗe da tsirkiyoyin da suka fi gashin kaina yawa, 'yan sanduna biyu suna tsalle a kansu kamar 'yan tsaki sun ga tsaba. Ashe daga hannunki ruwan yake zuba! Duk rayuwata hana ruwa shiga gidajen mutane nake yi, ranar nan ya shige ni har ɓargo, ban kuwa nemi faci ba.

Da kika tsaya kika ɗauko 'yar sifanarki kina murɗa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, tin, tin, tiiin, na zaci sabuwar waƙa ce, na miƙe na yi ta tafi ni kaɗai. Kika ce, "Bawan Allah, saita ta nake yi fa." Har gobe ina nan a kan bakana, wannan ma waƙa ce. Sai kika saki ta gasken, na matso, hawaye suka ɓalle min, kika ɗago waɗannan idanun naki kika ce, "Ja da baya, kana jiƙa min kaya." Na rantse ba a taɓa gaya min magana mai daɗin wannan ba.

Daga ranar na san abokin gabata. Da namiji ne, da tuni mun gwada ƙwanji a bayan coci. Laima ce! Ita ke kumbura katako, tsirkiyoyi su kauce, ki wuni kina murɗe-murɗe kina tsaki.

To ki saurara, zinariyata, ki ji abin da so ya sa ni. Tun kafin Gwaggo ta buɗe baki na kwashe ɗakin baya na marigayiya mahaifiyata, na liƙe kowace kafa da kwalta, na jera injinan tsotse laima suna ta gurnani. Na daina dafa wake a cikin gida saboda tururi, a tsakar gida nake yi. Wanka sai a rafi. Karena Buford na kore shi baranda, don hancinsa kullum a jiƙe yake, yanzu ko kallona ba ya yi. Kifin da nake kiwo a kwalba na kai wa fasto. Burodin masara da na manta a ɗakin ya bushe kamar dutse, da shi nake tokare ƙofa. Har itacen ƙaya irin na hamada na sayo don ɗakin ya yi miki kama da can, ƙishirwa ta kashe shi. Gwaggo ta shiga ta ɗan zauna, ta fito tana tari tana cewa, "Ɗan nan, kilishi kake son mayar da ni?"

Me Arizona ta fi wannan ɗakin da shi? Wa zai tafa miki a can in kina saiti? Wa zai hau kujera? Ki zo ran Lahadi bayan coci, ki kawo dalsimar ta sha iskar ɗakin. In tsirkiya ɗaya ta kauce, ni da kaina zan loda miki kaya a mota, in yi miki addu'ar sauka lafiya, in dawo in kwanta ciwo. In kuma bushewa ta tsaga katakon, ai kin san sana'ata.

Laima ɗaya ce ta gagare ni, Verlie, ita ce ni. Na gwada, na cije, na ɗaura tawul a fuska, amma ba zan iya jin hannunki a kan tsirkiyoyin nan ido a bushe ba. Don haka na ajiye kujerata a waje, ƙarƙashin taga, kusa da Buford. Ke ki shiga ki buga, ni in zauna nan in yi kukana, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Daga kan kujerar nake rubuta miki wannan. Kafin ki kai takardar kusa da dalsima, don Allah ki shanya ta.

Naki har abada, a bushe ko a jiƙe,

Hobart Skeens