Zanen Ƙwaryar Inna a Kan Yadi

Zakirai,
Ƙaramar Hukumar Gabasawa.

Assalamu alaikum, Yaya Tasi'u.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya tsare mana ku a can Fatakwal, ya ƙara rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Gero bai yi auki ba bana, don taki ya fi ƙarfinmu, amma gyaɗar Baffa Dabo ta ɗan taɓuka.

Maganar Inna ce da ƙaninmu Khalilu ta sa na rubuto maka. Ka san tun da hannunta ya fara rawa ta ajiye wuƙar zanen ƙwarya. Khalilu ya ɗauki hoton ƙorenta da suka rage, ya zuba a kwamfuta, ya ce sai ya buga zanen a kan yadi, ta ga aikinta da faɗin bango. Wata bakwai yana fama. Ya gwada a kan saƙi, tawada ta nashe. Ya gwada a kan fata, ta tsattsage da ta bushe. Ga wuta ba ta zuwa, ga tsadar fetur, sai ya jira ranar da ba ya koyarwa ya shiga Kano wurin masu babban injin buga zane. Daga ƙarshe ya jiƙa farin yadi da sitaci, ya goge, aka buga. Yaya, ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, har tabon inda wuƙa ta kuɓuce mata ya fito.

To, amma idon Inna ya riga shi. Tun bayan babbar salla ganinta yake raguwa tana ɓoye mana, yanzu haske kawai take bambancewa. Ranar da ya kawo yadin, ya shimfiɗa mata a cinya, ta daɗe tana shafawa. Sai ta tambaye shi ina zanen yake, ta ce ita santsi kawai take ji. Khalilu ya fita bayan rumbu, na iske shi yana kuka. Tun ranar bai sake buɗe kwamfutar ba, abinci ma sai na matsa masa. Don Allah ka kira shi, maganarka yake ji.

Jiya Inna ta sa na naɗe yadin, ta ce a aika maka, ka rataye inda 'ya'yanka za su riƙa gani, su san kakarsu ta taɓa iya wani abu. Zan ba Mika'ilu direba ya taho maka da shi. Idan da hali ka zo bayan girbin dawa. Da murya take gane mu yanzu, kuma ta ce taka ta fara ɓace mata.

Ka gaida Anti Luba, da Sakinatu da Iliyasu. Baffa Dabo da Gwaggo Mairo suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Maijidda.