Surukar Baba a Gidan Tsofaffi

Isa, Litinin

Maigida,

Sallama da fatan kana lafiya, kai da Inna. Tunda an katse sabis ɗin waya, ga takarda ta hannun Yari direba.

Ka kawo Baba gidan tsofaffin nan ka juya abinka, ka manta ni kaɗai ce nas mai wanke ciwo? Ina shiga da tire ya ja mayafi ya rufe har kai. Ni kuma na durƙusa a bakin ƙofa ina gaisuwa, almakashi a hannu. Kwana uku ke nan kunyar surukuta ta hana a taɓa ƙafarsa, kuma gyambon mai ciwon suga ba ya jira. Likita ya ce in ya ƙara mako haka, sai yankewa. Wallahi tsoro nake ji.

Taka,
Radiyya

Sabon Birni, Laraba

Radiyya,

Sallama. Na karanta wa Inna, ta yi dariya har ta ƙware, daga baya ta yi kuka. Kin san Baba. Shekara shida da aurenmu, ko ruwa bai taɓa sha a gabanki ba. Hanyar Gatawa ba ta biyuwa wannan makon, da na zo. Ki yi dabara, ke ce mai karatun.

Mas'ud

Isa, Lahadi

Maigida,

Bayan gaisuwa, an yi dabara, Allah ya yafe mini. Na sa takunkumi da tabarau, na ari hijabin mai shara, na shaƙe murya na ce ni ce Sista Jamilatu daga Sakkwato. Nan take ya miƙo ƙafa.

Sai dai Baba da baƙuwa akwai surutu. Ya ce mini surukarsa mutuniyar kirki ce, amma tuwonta sai an sa gatari. Jiya ya ƙara da cewa miyarta kamar an wanke tukunya. Ina naɗa bandeji ina cewa, "Allah ya shirye ta, Baba." Shekara shida kana ci, ba ka taɓa faɗi ba!

Ciwon ya fara kamewa. Maganar tuwo kuwa sai mun haɗu.

Radiyya

Isa, Juma'a

Zuwa ga Mas'udu,

Bayan sallama, Malam Shamsu na rubuta min. Yau na taka da ƙahwata har masallaci, likita ya ce babu yanka.

Ka ce ma ɗiyar nan Allah shi yi mata albarka. Tun ranar farko na gane ta, don babu Sistar Sakkwato da ka durƙusa ma tsoho kahin ta wanke mai gyambo. Zancen tuwo na yi shi ne don kar ta gane na gane. Amma gaskiya ne.

Kar ka hwaɗa mata na sani sai an sallame ni. In ta cire ƙyallen nan, dole in koma cikin mayahi, ga zahi.

Mahaifinka,
Na'Allah