Kaka, Na Sayar da Ragonki

Zuwa ga Hajiya Zuwaira, kakata ta wajen uwa, kuma amaryata ta wasa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinki, ya sa kina cikin ni'imarsa. Mutanen gida duk suna lafiya. Ruwan kogi ya ja baya, an gama yankan shinkafa, masu alkama sun fara gyaran fadama. Ɗanki Kawu Haladu yana nan ƙalau, har ya ƙara tumbi.

Na fara da ladabi ne saboda akwai masu leƙe ta bayana suna karantawa, kada su ce ba ki yi min tarbiyya ba. To yanzu gyara zama, tsohuwa, ki riƙe zaninki da kyau. Na sayar da Ɗan Gata.

Eh, shi. Ragon nan da kike ba shi ƙosai da hannunki ni kuwa ki ce in je in nemi nawa. Kada ki harare ni, ke kika ba ni. A gaban Kawu kika faɗa, lokacin da ciwo ya kwantar da ke: “Ragon nan na mijina ne. Ko ya yi kiwo, ko ya sayar, ko ya cinye shi har da gashi, ba ruwan kowa.”

Kawu ya so in sayi injin ban ruwa in bi shi fadama. Ni kuwa na ce kwamfutar gem zan haɗa, irin wadda ake buga ƙwallo da tseren mota a cikinta, in ajiye ta a ɗan shagonki na ƙofar gida inda kike sayar da bandar kifi, samari su riƙa zuwa suna bugawa suna biya. Kuma ba haɗaɗɗiya zan saya ba. Kaya zan tsinto ɗaya-ɗaya in haɗa da hannuna, don ya fi sauƙi kuma mutum ya san abin da ke cikin cikinta.

Kawu ya yi dariya har hularsa ta zame. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya taɓa ɗaukar buta zai yi alwala kwaɗon da na saka a ciki ya leƙo masa, ba ya saurin yarda da maganata. Da ya ga ban yi dariya ba, sai ya gyara hula ya ce: “To shi ke nan. In ta kawo haske, makullin shagon Inna naka ne. In ba ta kawo ba, washegari ka ɗauki fartanya ka biyo ni, kuma kada in ƙara jin kalmar gem a gidan nan.” A gaban kowa muka ƙulla, na ce na yarda.

Kin san ban taka makarantar boko ba. Wannan rubutun ma a waya na koye shi. To a wayar na koyi kayan. Turawa suna ta surutu ban san me suke cewa ba, ni dai hannunsu nake kallo. Sunayen kuwa na bi su yadda muke bin hadda a gaban Malam, in maimaita, in maimaita, har suka zauna. Kuɗin rago na haɗa da abin da na tara a casar shinkafa.

Akwatin da ake jera kayan a ciki na fara samu, tsoho, a wajen mai gyaran waya na bakin kasuwarmu. Akwai babba akwai ƙarami, na ɗauki ƙaramin. Kin tuna shekarar da ruwa ya shigo unguwa, muna tsamo-tsamo muna kwashe kaya, kika kalli ƙaton gadonki kika ce, “Ku bar shi, abin da ba zai hau kaina ba yau ba nawa ba ne.” Kwamfutata tana hawa kai, Kaka. Na gwada da gammo.

Sai dai ƙaramin akwati ba ya karɓar dogon kati, wato katin hoto, wanda shi ne ke zana duk abin da ido zai gani a gem. Sai na yanko karan dawa daidai tsawon cikin akwatin na soke a aljihu. Da shi na hau motar Kano.

Mai gyaran wayar ya haɗa ni da wani Bashari, mai shagon kayan kwamfuta a can. Ina shiga ya kalli karan ya ce, “Malam, tsire ka zo saya?” Na ce masa a'a, awo na zo yi, mu mutanen Haɗeja ba ma sayen abu da ka.

Ya fara jawo min wani akwati na gilashi mai fitilu, ja ya koma kore, kore ya koma shuɗi, kamar wajen biki. Wallahi zuciyata ta tafi. Sai na yi irin taki. Ke in kina son abu a kasuwa ba kya kallonsa, na kusa da shi kike yabawa, shi kuwa ki taɓe baki ki ce wannan ai ko kyauta. Na yabi fitilun nan har Bashari ya washe baki, sannan na nuna abin da na zo nema da gefen leɓe na ce, “Waɗancan tsofaffin fa, ko zubarwa za ka yi?”

Firosesa na fara zaɓa, ƙwaƙwalwar abin ke nan. Ban ɗauki ta yayi ba, na ɗauki matsakaiciya wadda ba ta cin wuta sosai, don kin san wutarmu, baƙuwa ce, ta leƙo ta gaishe mu ta koma. Dole abin da na haɗa ya iya tashi da batirin sola.

Daga nan sai faifan da komai yake hawa kansa, madabod. Bashari ya ce ma'anarsa uwar allo. Na ce to an zo gidanmu, ni da allo a hammata na girma, ban dai san yana da uwa ba. Ashe ita ma ba kowane ɗa take karɓa ba. Akwai gurbin da firosesa ke zama, in ba irinta ba ce ko za ka kwana kana lallashi ba za ta zauna ba. Ban yarda da baki ba, sai da ya ɗora ta a gabana na ga ta faɗa gurbinta lif.

Yanzu saurari wannan, don saboda shi na fi so a ce kina kusa. Akwai wasu 'yan sirara kamar tsinken tsire da faɗi, su ne ke riƙe wa kwamfuta abin da take yi a lokacin, sunansu ram. Bashari ya ce guda biyu ƙanana sun fi babba ɗaya gudu, don suna raba aiki. Yana ƙunshe min su sai ya ce, “Ka san ram da Turanci rago ne?” Kaka, sai da na zauna a ƙasa. Na sayar da rago ɗaya a Haɗeja na sayi biyu a Kano. Wa ya ce jikanki bai iya kiwo ba?

Katin hoto shi ne mai tsada, sabo ya fi ƙarfina, sai na hannu. Ya miƙo na farko, fes da shi kamar ba a taɓa ba. Ban san lokacin da na kai shi hanci ba. Ke kika ɓata ni. Tun ina ƙarami nake ganin ana sauke kwandunan banda daga Kirikasamma, ba kya duba launi, ki ɗauki kifi ɗaya ki karya ki sansana, ki ce wannan ya sha hayaƙi, wannan kuwa wuta ce ta ci shi. Katin nan ƙauri yake, can ciki-ciki. Na faɗa wa Bashari. Ya yi dariya ya ce gaskiya ne, ya taɓa zuwa gyara, shi ya sa yake da araha, kuma da ma zai faɗa min. Na ce na sani, na dai rage masa wahala ne.

Na biyu ba ƙauri, amma da na ɗora kara sai ya zarce. Na uku ya yi daidai, har da ɗan sarari. Na sa ya kunna min shi a tasa kwamfutar, muka zauna yana gudu har na ci gurasa na sha ruwa, bai yi tari ba.

Abu ɗaya ne ban yi masa taɓe baki ba, fawa, akwatin da ke raba wa sauran wuta. Sabuwa dal na saya, mai kyau, ban nemi ragi ba, domin in ta lalace ba ita kaɗai take tafiya ba, da 'yan'uwanta take tafiya. Na ƙara da ma'ajin da Bashari ya zuba min gem a ciki, da sikirin na hannu. Ɗan abin da ya rage, wanda zuciya ke cewa fitila, fitila, na sayi fanka biyu da shi. Wanda ya san bazarar garinmu ba ya sayen ado ya bar iska.

A kan tabarmarki na haɗa ta. Kowace ƙusa da bismillarta. Akwai wani mai da ake ɗiga wa firosesa, ɗan kamar ƙwayar wake. Da kin gani da kin ce rowar tawa har ta kai ga ƙarfe.

Ranar Juma'a bayan la'asar na fito da ita tsakar gida. Matan gida sun fito, maƙwabta sun shigo. Kawu ya kafa kujera a gaba, ya jingine fartanya a gefensa, sabuwar ƙota ya sa mata don ni.

Na yi bismilla na danna.

Shiru.

Na sake dannawa. Ko fanka ba ta motsa ba. Kaka, gumi ya karyo min tun daga ƙeya. Na ga ragonki, na ga casar da na yi a rana, na ga kaina a fadama har tsufa. Na buɗe baki zan ce na shiga uku, sai Kawu ya fashe da dariya ya ce, “Kai Sabi'u, mun san halinka! Daina ja mana rai, kunna mana abu mu gani.” Gida duka ya ɗauka. Wata tana cewa ku dubi yadda ya iya marairaice fuska, har da gumi.

Ranar da na fi kowace rana gaskiya a rayuwata, ba wanda ya yarda da ni. Alhamdu lillahi.

Sai na bi su a haka. Na ce ai baƙuwa ce, ba ta magana sai an zagaya an gaishe ta. Na fara zagaye ta ina rusunawa, ina mata sannu da hanya, ya mutanen Kano, suna ta faɗuwa don dariya, ni kuwa idona yana bin kowace waya kamar mai neman allura. Da na kai bayanta na gan shi. Wani ɗan makunni a jikin fawa, ni da kaina na kashe shi lokacin haɗawa don kada wuta ta ja ni. Na sunkuya kamar ina raɗa mata magana a kunne, na ture shi da babban yatsa.

Na miƙe na ce ta ce ba za ta tashi ba sai babba ya taɓa ta. Kawu ya taso yana girgiza kai, ya sa yatsansa na noma ya danna.

Fankokin nan suka ɗauka fuuu. Sikirin ya yi ƙyaf, ya kawo haske, ga filin ƙwallo kore shar a tsakar gidanmu. Aka rangaɗa guɗa. Ni kuwa na zauna daɓas a kan turmi ina ta hamdala, aka ce wannan ma iya shege ne.

Har yau Kawu yana ba da labari a majalisa cewa na so in ruɗe shi amma ya gano ni. Ku masu leƙe, don Allah ku bar shi a haka.

Bai bari an tuna masa ba. Ya laluba aljihu ya ciro makullin shagonki, da ɗan ƙyallen nan da kika ɗaure shi da shi, ya sa min a tafin hannu ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce, “Inna ta san wanda ta bar wa.” Daga nan ya ce in sa masa na motar. Ya shiga bango da ita, ya fito ya shiga wani, yana ihu, “Ina birkin? Kai, ina birkin abin nan?”

Da safe na buɗe shagon na share. Na kafa tebur, na ɗora ta, ta tashi da dannawa ɗaya. Sai na juya da gudu na nufi cikin gida, har na ɗaga labulen ɗakinki na ce, “Tsohuwa, fito ki ga—”

Na daɗe a tsaye riƙe da labulen. Duk garin nan akwai masu yi min dariya, Kaka, amma ke kaɗai ce kike ramawa.

Allah ya jiƙanki da rahama, ya yafe miki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljannar Firdausi ce gidanki. Duk wanda ya zauna a shagon nan ya yi farin ciki, Allah ya kai miki ladan. Mu kuma ya kyautata namu zuwan, ya sa in same ki a inda za mu ci gaba daga inda muka tsaya. Amin.

Naki har kullum, mijin da bai taɓa ba ki kuɗin cefane ba,
Sabi'u, mai shagon ƙofar gida.