Baƙuwar Malam Kunne

Cikin alhini, Ƙungiyar Masu Sauraron Sama ta makarantarmu ke sanar da iyaye, malamai, tsofaffin ɗalibai da dukkan masu fatan alheri cewa ta samu labarin rasuwar ubanta, jagoranta kuma wanda ya kafa ta, shehin malamin kimiyyarmu da muke kira Malam Kunne, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwamiti ya ɗora mini rubuta wannan saƙo, wai don ina da kyan rubutu, bai san akwai abin da na shekara ina ɓoyewa ba, wanda ko Yayata da muke ɗaki ɗaya ba ta taɓa ji ba. Zan faɗa, amma a bar ni in fara da shi.

Shekara goma sha tara ke nan da marigayi ya tsinto wani tsohon farantin talabijin da aka yar, ya kafa shi a rufin ɗakin gwaje-gwaje, ya jawo waya ta taga zuwa wata kwamfuta mai tari idan an kunna ta. Shi ya ce farantin kunne ne, sunan kuwa ya bi shi. Da rana tsaka muke hawa rufin, bayan an tashi daga makaranta, domin abin da muke saurare bai damu da rana ba: haidirojin ne, iska mai sanyi da ke kwance tsakanin taurari, wadda ido ba ya gani. Ya koya mana cewa tana da murya ɗaya tak, mai tsawon santimita ashirin da ɗaya, kuma idan muryar ta daɗe a hanya takan miƙe, har manyan kunnuwan duniya kan gane shekarunta daga tsawonta, suna bin sawunta baya, baya, zuwa zamanin da ba a kunna tauraro ko ɗaya ba. Ni dai a raina wasiƙa ce da aka aiko tun babu mai karantawa.

Ranar da 'yan ajinmu suka sa ni gaba suna cewa Shiru-Shiru ta haɗiye harshenta, sai ya ce su ƙyale ni, ai ƙwayar haidirojin ma takan yi shekara miliyan goma kafin ta furta kalma ɗaya, kuma ita muka hau rufi muna jira. Ban gode masa ba. Kunya ta hana.

Mama, mai ɗakin marigayi, yanzu da ke nake. Takardar nan da ke cikin gilashi a bangon falonki, mai zanen abin da kunnen ya ji, babban tudu a hagu da ɗan ƙaramin tsini a dama, Malam ya sa wa tsinin suna Baƙuwa, domin sau ɗaya ta zo ba ta sake dawowa ba. Kwamiti ya so in rubuta cewa gajimaren haidirojin ne da Malam ya gano, a kuma aika da hakan ga jami'ar da ta nemi littattafan aikinsa. Ba gajimare ba ne. Ranar ni ce mai tsaron kwamfuta. Dokarsa ita ce kowa ya kashe waya, don kunnen yana jin ta, ni kuwa ina ƙarƙashin teburi da tawa a kunne, riƙe da wani littafin soyayya ina babi na ƙarshe, ina jiran in ga ko saurayin labarin zai dawo wa budurwarsa. Saƙon Yayata ya shigo, na ɗago, a kan idona tsinin ya tashi.

Mako uku Malam yana juya farantin yana neman Baƙuwa, yana hawa tsani da gwiwarsa mai ciwo, ni ina riƙe masa tsanin. Daga baya ya kawo wata tukunya mai murfi ya ajiye a bakin ƙofa, kowa ya jefa wayarsa. Bai kalle ni ba. Har yau ban san ko ya sani ba. Abin da na sani, a littafinsa alamar tambaya kawai ya sa a gefen Baƙuwa, kuma kullum yana cewa abin da ba ka ji ba kada ka rubuta.

Saboda haka ƙungiya ba za ta jingina masa abin da bai ce ba. Amma Mama, kada ki sauke takardar. Babban tudun nan gaskiya ne: murya ce da ta yi dubban shekaru tana tafe, ta faɗo cikin farantin da mijinki ya ɗaure da hannunsa.

Muna roƙon Allah Maɗaukaki Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Mama, 'ya'yansa, jikokinsa da ɗalibansa juriyar wannan babban rashi.

An ce in liƙa saƙon a allon sanarwa in tafi. Sau biyu na ninke shi na sa a tsakiyar littafin soyayyar nan da har yau ban ƙarasa ba. Na ciro shi. Gobe bayan an tashi zan je gidan Malam, in durƙusa, in ba Mama hannu da hannu, kuma zan tsaya har ta gama karantawa.

Sa hannu:
Shiru-Shiru,
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Masu Sauraron Sama.