Tubalina Ya Shiga Talabijin, Ni Ina Bakin Ƙofa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Sana'o'in Yankin Dam,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran manyan kwamiti, ina yi maka sannu da aiki, don na san yanke ƙyalle da tsayuwa gaban mai hoto ba ƙaramar gajiya gare su ba. Na biyo ta jarida ne saboda masinjan ofishinka ya haddace fuskata. Tun daga nesa shike ɗaga min hannu shi ce kana mitin.

Ko ka mance ni, cikinka bai mance ba. Ni ce Kulu Mai Tuwo. Ina yarinya nis soma saida tuwo ƙarƙashin rumfar zana sa'ad da ake gina dam na Goronyo, leburori na ci suna komawa bakin aiki. Allah ya sa albarka har nib buɗe gidan abinci a Wurno, daga baya wani a Rabah. Madafar Wurno bulo ce da kwano, in bazara ta yi sai ta koma tanda. Ran da wata mai tuƙa min tuwo taf faɗi sumamma bakin murhu, nic ce abin ya isa haka. Wani malamin koyon sana'a, Malam Bitrus, baƙo a garinmu kuma mai cin abinci wurina, shi yan nuna min a haɗa jar ƙasa da buntun shinkafa, wanda masu casa ke tarawa tsibi-tsibi suna ƙonewa, a ɗan sa siminti, a matse. Shi yah haɗa min injin matsewa na hannu. Munka sake madafar da wanga tubali, ta yi sanyi, masu cin abinci sunka soma leƙawa suna tambaya. Haka nis samu sana'a ta biyu. Nis sayi fili a bayan garin Goronyo, masu jakuna daga Giyawa na kawo ƙasa, mata daga Sisawa da Shinaka na kwaɓi da shanya.

Muna cikin rufin asirinmu kwamitinka yaz zo taimakonmu. Ga yadda taimakon yak kasance.

Na ɗaya. Bayan girbin shinkafar rani kunka sauka wurina da motoci. Kunka ci tuwo da miyar zogale, ka yi ƙari, Allah shi amfana. Kunka ɗebi tubali, wai samfur. Ba a jima ba sai ga shi a talabijin, an aza shi kan farin ƙyalle, kana bayani cewa binciken kwamiti ne ya gano shi bayan dogon nazari. Wallahi na yi murna. Ban san ina da tubali mai ilimi haka ba. Mu da munka yi ta kwaɓa shi da ƙafa, ashe ƙasaitaccen bincike muke tattakewa.

Na biyu. Kac ce za a gina Cibiyar Gini Mai Ɗorewa a kan filina don ceton itatuwa, tun da wanga tubali ba a gasa shi da wuta, in matsa gefe na ɗan lokaci, in an gama ni za a danƙa wa ita. Nit tambaye ka, to aikina fa? Kac ce, kamar gobe ne, Hajiya. Anka kwashe rumfar shanyata. Anka kewaye filin da katanga, kuma don a nuna wa duniya darajar tubalin ƙasa, da bulon siminti anka yi ta. Anka sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, injina shina ciki. Ɗanyen tubalin da munka fitar waje ruwan farko ya same shi babu rumfa. Ina tsaye ina kallo ya koma taɓo, shina bin hanya. Matan da sunka yi shi suna bayana, su ma suna kallo.

An yi bukin buɗe cibiya, an yi kiɗi. Ni anka sa dahuwa, don haka daga bakin tukunya nij ji tafi. Damina biyu ke nan ba a sake buɗe ƙofar ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, cibiya tana amfani. Awakin unguwa sun samu kafa ta baya, kuma a iya sanina ba su da ƙorafi.

Na uku. Da za a gina rumfunan kasuwa a Rabah na nemi a gwada tubalina. Injiniyanka yar rubuta cewa ba shi da ingancin da za a sa shi a aikin hukuma. Na yarda, shi ya yi karatu. Abin da ban gane ba shi ne, mi ya sa wanga tubali marar inganci yag gina ɗakin baƙinka na gona? Ina jin tsoro ƙwarai, ranka shi daɗe. Babban mutum kamarka shina ƙailula cikin haɗari kullum, kuma an ce barcin har da minshari.

Na huɗu, wanda shi yas sa ni ɗaukar alƙalami. Watan jiya anka aiko min da goron gayyata zuwa taron bita, za a koya wa mata yadda ake tubalin buntu. Na je, na zamna layin gaba. Malamin ya haska hoto a bango, hannun wata mata tana zuba kwaɓi cikin inji. Hannuna ne, har da tabon ƙunar mai. Kan ne kawai anka yanke. Ya tambaye ni ko na fahimta, nic ce mishi ina ƙoƙari. Da anka tashi anka ba ni takardar shaida, kai kas sa mata hannu. Na gode. Yanzu na cancanci in yi sana'ata, saura wurin yi.

A halin yanzu muna buga tubali da hannu cikin akwatin katako a bayan gidan abinci na Wurno, abin da inji ke yi da hantsi mu sai mun wuni. Yawancin matan sun koma gida. Masu jakunan Giyawa sun koma dakon itace, wato cibiyar da anka gina don ceton itatuwa ta ƙara wa gatari aiki.

Roƙona kaɗan ne. A ba ni makullin filina da injina kafin hadari shi sake haɗowa. A aza tubalina da bulonku a tsakiyar kasuwar Rabah ranar da take ci, a zuba musu ruwa, a aza musu kaya, jama'a su yi hukunci da idonsu. Sunan mai ganowa kuwa na bar maka, ka riƙe, ya fi dacewa da babbar riga.

Ina roƙon Allah shi ƙara maka lafiya, shi tsare ka da iyalinka, shi shirye mu baki ɗaya. Allah shi ja kwananka har ka sauka daga wagga kujera lafiya, ka dawo cikinmu, wata rana buƙata ta kai ka ofishin da ka bari, a ce maka mai gida shina mitin. Ran nan ka duba benci, za mu matsa maka.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Hajiya Kulu Mai Tuwo, Wurno.