Habiba na Son Karatun Unguwarzoma

Assalamu alaikum, Yaya Asabe.

Ina gida, ina yara, ina mutanen Kano? Mu nan Aboabo ta ƙasar Asante lafiya, sai maigida Malam da ƙafarsa ta tashi, Goggo kuma tana tari. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girma na koya.

Makon jiya unguwarzomar asibiti, yarinya 'yar Asante, ta zo duba maƙwabciyarmu mai juna biyu. Ta kafa mata ɗan mazurari a ciki, ta ce Habibata ta sa kunne. Habiba ta ɗago tana cewa, "Inna, zuciyar jaririn na bugawa!" Ni ma na saurara. Duk haihuwar da na yi, ban san ana jin wannan ba.

Yanzu Habiba ta nace sai makarantar unguwarzoma. Malam ya ce budurwa ba ta shiga ɗakin haihuwa, amma ke ce yayarsa, ke kika yanke mata cibi, abin da kika ce zai bi.

Yaya, littafi na koyar da abin da hannunki ya sani? Ina tsoro, amma bugun nan bai bar kunnena ba.

Ki ba fataken goro amsa kafin Babbar Salla, lokacin ake rufe ɗaukar ɗalibai. A gaishe da kowa, a yi mana addu'a.

Ƙanwarki,
Ladi